Shekara Uku Ina Miƙa wa Ladi Tsintsiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Hajiya Talatu ta ziyarci makarantarmu a Tudun Wada ba. 'Yar unguwar ce, amma ta yi shekaru a Turai tana wasan dandamali da fim. Da farko ba a ba ta komai sai matsayin mai shara ko mai raino, saboda launin fatarta. Da ta gaji, ta fara rubuta nata wasannin a kan wariya, har Turawan suka koma bin layi don su ji tana gaya musu gaskiya.

Ni ne malamin adabi, ni ke kula da 'yan wasan kwaikwayo. Na karanta jawabin maraba shafi huɗu (wasu kalmomin sai da na duba ƙamus), na yi tir da wariya har hulata ta karkace. Sannan ɗalibaina suka gabatar da wasan da na rubuta, labarin wata attajira da 'yar aikinta.

Ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, wa ya raba wa yaran matsayi?"

"Ni ne, Hajiya," na ce, ina jiran yabo.

"To, me ya sa Zainab ce attajira, Ladi mai shara?"

Na buɗe baki zan ce cancanta, sai na dubi yaran. Zainab fara ce sol. Ladi kuwa ta fi kowa baƙi a ajin, kuma shekara uku ke nan ina miƙa mata tsintsiya ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba (da ta yi, da na fi samun sauƙi). Dandamalin ta hau, ta karɓi tsintsiyar, ta yafa wa Ladi mayafinta.

"'Yata, kin haddace maganar uwar ɗakin?"

"Duka na haddace, Mama."

Sai matar da Turawa ke miƙe wa tsaye ta duƙa tana shara, ba ta ce uffan ba, amma ka dubi bayanta kawai ka san an zalunce ta. Ladi kuma ta buɗe wata murya da ban san da ita a ajina ba. Zauren ya yi tsit, har shugaban makaranta ya manta da mafici a hannunsa.

Yanzu idan zan raba matsayi, juya wa yaran baya nake yi in saurari muryoyinsu. Ashe kunnena ya fi idona tarbiyya.