Direban Bas a Teburin Doña Griselda

Wani direban bas ne a unguwarmu, nan garin Rosario, bayansa ya riƙe. Ya sunkuya ɗaure takalmi ran Talata, har Juma'a bai miƙe ba. Mai motar ya aiko masa cewa in Litinin ta yi bai hau sitiyari ba, an ba wani.

Yana zaune ƙofar gida a lanƙwashe, sai ga Don Evaristo, wani tsohon direba da ya yi ritaya, ya zo duba shi.

"Kai, me ka yar kake nema a ƙasa?"

"Bayana ne, Don Evaristo."

"Je ka wurin Doña Griselda mai tausa. Anselmo ɗina ƙugunsa ya riƙe, ko matakala ba ya iya hawa. Ta murza shi, jini ya gudana, jijiyoyi suka saki. Yanzu barci yake kamar jariri, da safe kuwa sai ya bi yarinyar gidan burodi da gudu."

Mutumin ya ce a ransa, lallai Anselmon nan tsohon banza ne, amma dai ya warke. Anselmo kuwa kare ne. Wa zai gaya masa? Ya karɓi lamba ya buga.

Doña Griselda ta ɗauka. "Mara lafiyar, shekarunsa nawa?"

Ya zaci haka mutanen asibiti ke magana. Ya ce, "Hamsin da biyu."

"A lissafin mutane ke nan?"

"To da lissafin wa za a yi?"

"Nauyinsa fa?"

"Kilo casa'in da ɗoriya."

"Wayyo Allah! Wane iri ne haka?"

"Uba ɗan Italiya, uwa 'yar nan gida."

"Ruwa biyu. Yana cizo?"

"Da wane haƙori, Doña?"

"Allah sarki, tsoho. Ina yake kwana?"

"Gado ɗaya da matata mana."

"Kuskuren ke nan! Daga yau a ƙasa, kan bargo. Gobe a kawo min shi, a ɗaure da igiya."

Ya gaya wa matarsa Ofelia. Tun kafin ya rufe baki ta jefo bargo ƙasa, ta kwance igiyar shanya ta miƙa masa.

Washegari ya ɗaura igiyar a ƙugu ya tafi. Gidan bene ne. Ya duba matakala, ya ga ba dama, ya hau da rarrafe. Ya turo ƙofa da ka. Ɗaki cike da mutane, kowa da karensa. Wani ƙaton kare ya taso ya shinshina shi, ya matsa masa wuri.

Doña Griselda ta fito tana goge hannu. "Malam, ina mara lafiyar?"

"Ga ni."

"A'a, wanda ka ɗauro."

Ya ɗaga mata bakin igiyar. Ta bi ta da ido har ƙugunsa. Ta dafa bango. Wata tsohuwa mai ɗan kare a cinya ta yi dariya har haƙoran robarta suka faɗo.

"Bawan Allah, ni karnuka nake wa tausa!"

"Doña, don girman Allah. Litinin za a ƙwace min mota. Baya ai baya ne!"

Ta dube shi, ta dubi agogo. "Hau teburi. Amma ka yi min haushi sau ɗaya, takunkumi zan sa maka."

Ta fara daga wuya. Ta gangara kafaɗa, ta danna ƙugu da gwiwar hannu, sai ji kake ƙas! Mutumin ya yi wata ƙara, karnukan waje gaba ɗaya suka amsa. Ya sauko daga teburi tsaye cak. Ita kuma hannu ya saba. Ta sosa masa bayan kunne, ta jefa masa biskit a baki, ta ce, "Yaron kirki!"

Ya tauna ya haɗiye.

Ya shigo gida yana taku kamar soja. Ofelia tana shan shayin nan namu da ake ce wa mate a kicin, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya ba ta labari tas, sannan ya riƙe ƙugu.

"Kin ji mata masu tausayi. Shekara da shekaru muna tare, kin taɓa sosa min kunne ki ce min yaron kirki?"

Ta zuƙi mate ɗinta.

"Tsoho, su karnukan ai kira ɗaya ake musu su zo."