Layin Da Ya Bi Ta Bayan Masallaci

"...Ina gajiya, amaryata mai haƙori ɗaya?"

Iya ba ta ko ɗago kai daga ɓarar gyaɗar da take yi ba. Sama'ila, jikanta, ya jingine babur a zaure ya shigo tsakar gida da takarda naɗe a hammata. Shekara biyu ke nan yana bin Honorabul, ɗan majalisar jiha na mazaɓarsu. Yau an aiko shi ƙauyensu na gefen Ɓaure neman dangwalen Iya, don ita ce uwar matan unguwa: inda ta sa yatsa, nan kowa ke sawa. Shi kuwa ya san bakinta.

"Ba gajiya, angon da bai taɓa kawo cefane ba. Me ka ƙunso a hammata kamar ɓarawon kaza?"

"Taswira ce, tsohuwa. Za a sake yanka mazaɓu. Dangwala kawai za ki yi, cewa mata sun amince."

Ya shimfiɗa mata a tabarma. Iya ta ƙura ido, ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa.

"Wannan taswira ce ko hanjin akuya? Wa ya zana? Tsutsa ce ta faɗa tawada ta yi ta birgima?"

"Masu digiri ne suka zana!"

"Digirin fawa. Nuna min gidana."

Ya bi layin da yatsa. "Kin ga, ya taho ta kasuwa, ya lanƙwasa ta bayan masallaci, ya ɗebe unguwarku ya haɗa ku da waccan mazaɓar ta ƙetaren gulbi. Ci gaba ne."

"Ci gaban mai haƙar rijiya. Mutanen da ko gaisuwar mutuwa ba ta taɓa haɗa mu ba? Kai, ni za ka yi wa wayo, ni da na wanke maka kashi? Zaɓen da ya wuce mu mata ɗari uku muka kayar wa Honorabul ɗinka da akwati, saboda burtsatsen da ya yi alkawari har yau ko rami babu. Shi ne zai zuba mu can kamar gishiri a gulbi, mu narke a rasa ɗanɗanonmu."

"Haba Iya, ƙuri'arki ma ai kullum lalacewa take yi. Yatsanki ya fi muciya kauri, jam'iyya uku kike dangwalawa lokaci guda."

"Ya fi naka da bai iya komai ba sai tafi. Mu a saninmu talaka ke zaɓen shugaba. Yanzu shugaba ne ke zama yana tsince talakawansa kamar mai tsintar wake, mai ƙwari a watsa wa kaji."

"To ke ai mai ƙwarin ce. Na ma roƙa a yanke ɗakinki kaɗai a miƙa wa Nijar, suka ce ba sa karɓar tsofaffin kaya."

"Da sun samu sarauniya. Zo nan, mai kunnen tulu. Ka ce layin ta bayan masallaci ya bi?"

"Ƙwarai."

"Ɗakinka da na matarka, a gaban masallaci suke ko a bayansa?"

Sama'ila ya jawo taswirar gabansa. Ya sunkuya ya sake bin layin, a hankali wannan karon. Ga masallaci. Ga gidan Iya. Ga nasa, katanga ɗaya tsakani. Layin ya ɗebe su duka biyun zuwa ƙetaren gulbi. Shi da Honorabul ya dafa wa kafaɗa jiya, ya ce shi ne shugaban matasan mazaɓa na gaba!

"Innalillahi... Har da ni aka yanke!"

Iya ta tuntsire da dariya har gyaɗar ta zube. "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! An ba ka wuƙa ka kawo, ashe kai ne ragon. Sannu, ɗan ƙetaren gulbi. Yaushe za ku tashi?"

"Ya isa, Iya."

"Bai isa ba. Jibi ne zaman sauraren jama'a a Daura, ko? Kai za ka goya ni a wannan gwangwanin naka, matan unguwa na biye."

Sama'ila ya sake duban takardar. Can ya naɗe ta, shi ma dariyar ta ƙwace masa. Ya leƙa zaure ya kwanto turmin atamfa daga bayan babur, ya ajiye a gabanta.

"An ce in ba ki in kin dangwala. Karɓi kawai, kin ci ni."

Iya ta murza bakin atamfar, ta taɓe baki. "Roba ce, kamar alkawarinsa. Amma kai wa tela yau. Ita zan ɗaura in je in ce ban yarda ba."