'Yata Za Ta Ɓata Wa Masana Bincike

Jiya da safe aka sauko da ni daga kan tsani, guduma a hannu. Ba sata na je yi ba, jama'a. Rufin ajin su autata na je bugawa, wanda iska ta yaye tun shekarar da annoba ta rufe makarantu, kuma ban nemi lada wurin kowa ba sai wurin Allah.

Hedimasta ne ya riƙe ƙafar tsanin yana roƙona. Ya ce masana daga ƙasashen duniya suna nazarin yadda bala'i ke lalata karatun yara, kuma Mai Girma Uban Masu Tausayin Ilimi ya amince a raba makarantun unguwarmu gida biyu. Ta tsallaken titi an ba ta rufi da benci da littattafai. Tamu kuwa an karrama ta, an zaɓe ta ta zauna yadda take, don a samu abin kwatantawa.

"Malam kafinta," in ji shi, "kwano ɗaya ka buga, ka rushe musu aikin shekaru."

Ni ban yi boko ba. A tsofaffin jaridun da ake naɗo mini ƙusa a ciki na koyi haɗa baƙi, shi ya sa nake ganin girman masu ilimi. Kuma a yaba wa manyanmu: sun daɗe suna barin makarantu su ruɓe kyauta, sai yanzu aka gane ashe bincike suke yi.

Na dawo shago na zauna, na kasa ko goge katako. Auta kafin annoba tana karanta mini allon talla a hanya. Yanzu sunanta ma sai ta tsaya ta yi tunani. In jahilcinta zai sa a gano maganin da zai ceci yara a wata ƙasa, shin koya mata karatu son kai ne? In kuma na bar ta, wa zai ɗauki alhakin, ni ko masanan da ke zuwa da farar mota?

Na kai wa maƙwabcina tela wannan tambayar. Bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba, ya ce shi damuwarsa ɗaya: me ya sa ba a taɓa zaɓen 'ya'yan Mai Girma su zama abin kwatance ba? Uwargida kuwa cewa ta yi in ci gaba da tunani, yarinya za ta yi furfura kafin in gama.

Da la'asar na kira Auta shago, na miƙa mata gawayi da guntun falanki. Ta yi ta fama, harshe a waje, har ta rubuta layi guda a karkace. Sai ta ɗago ta ce, "Baba, in masanan sun zo gwada mu, in yi kamar ban iya ba?"

Na ce a'a, ta karanta da ƙarfi, har na tsallaken titi su ji.

Sai dai na san manyanmu. Idan rahoto ya nuna yarinyar aji marar rufi ta iya karatu, kuka ji an ba da kwangilar yaye rufin sauran makarantu, don Allah ku yafe mini.