Rasuwar Babbar Manhajar Shagon Buga Takardu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, mai buga takardu na shagon ƙarƙashin bene yake sanar da 'yan uwa da abokan hulɗa rasuwar babbar manhajar kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana hidima.

Wasu sun ɗauka akwatin kwamfutar ne ya mutu. Akwatin yana nan garau, fankarsa ma tana juyawa. Wadda ta tafi ita ce mai riƙe da gidan daga ciki. Ita ke riga kowa farkawa, ta tayar da allo da madannai da linzamin kwamfuta. Ita ke raba wa ƙananan manhajoji wurin zama, ta ba kowace lokacinta, ba a taɓa jin kansu ba. In za a buga takarda, ita ke lallashin firinta da yaren da yake ji. Duk ajiyar da aka ba ta, ta san jakar da ta sa. Mai shagon bai shiga aji ba sai da furfura ta fara leƙo shi, amma ko ya goge layi ɗaya sau goma ba ta taɓa nuna ƙosawa ba. Da safe takan gaishe shi da "tilin-lin". In ya yi kuskure ta ce "tin", iyakar faɗanta ke nan.

Ta yi shekara uku tana roƙon a bar ta ta sabunta kanta, shi kuwa yana danna "sai an jima". Ranar Talata ta gaji ta fara da kanta, ta rubuta ɓaro-ɓaro a allo cewa kada a kashe ta. Ya karanta sarai. Da a ce bai iya karatu ba, da da sauƙi. Ya dubi butar shayinsa mai aiki da lantarki, ya dubi soket ɗaya tilo da ke shagon, ya ce a ransa minti biyar ai ba komai ba ne. Ya zare wayar kwamfutar, ya jona ta butar.

Mai gyara da ya duba ta cewa ya yi, "Baba, wannan ba ciwo ba ne, kisa ne."

Ta rasu ta bar firinta, da linzami, da madannai masu gogaggun haruffa. Ta kuma tafi da tarihin gidansu, shafi ɗari da arba'in, wanda Gwaggo ta yi shekara biyu tana faɗa duk Asabar, yana saurare yana bugawa. Bai kwafe shi a ko'ina ba. Shafi tara kawai aka ceto. Gwaggo ta haura tamanin, jiya ma sai da ta aiko tana tambaya, "Ɗan nan, yaushe za a karanta min littafina?" Ya ce a gaya mata firinta ne ba shi da tawada. Yana neman afuwar firinta, maraya ne, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a teburin mai gyara, inda za a wanke faifan ajiyar kwamfutar a zuba sabuwar manhaja. Zaman makoki kuma sai Asabar a ɗakin Gwaggo. Mai shagon zai je da biro da sabon littafi, ya faɗi gaskiya, ya roƙe ta ta sake farowa daga kakan kakansu. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su riga shi isa, su zauna tsakaninsa da sandarta.