Ganyen da Kaka Ta Shanya

"…Lafiya lau, amarya, lafiya lau. Ƙafar da sauƙi? To madalla. Ina ajiyata?"

"Ji mijin banza," in ji Kaka. "Gaisuwar ma a tsaye, kamar wanda aka biyo. Zauna mana, kujerar ba ta cizo."

Ban zauna ba. Ni da zama dama ba ma shiri. Shi ya sa makaranta ta gaji da ni tun ban gama ba, gareji ya gaji da ni, shagon gyaran waya ma ya ce in huta. Wata uku ke nan ina wanke kofuna a wani shagon sayar da ganyen shayi, irin wanda ake matsewa ya zama kamar faifai, a naɗe a takarda, a ajiye shi shekaru yana tsufa kamar mutum. Babana ne ya samo mini aikin, ya kuma rantse daga wannan ba zai sake zuwa roƙon kowa a kaina ba. Jiya mai shagon ya ɓantaro mini guntu biyu, ɗaya ɗan shekara uku, ɗaya ɗan ashirin da biyar, kowanne a takardarsa da shekarunsa a rubuce. Ya ce in je in koya wa harshena, yau da la'asar zai zuba mini kofi biyu ba takarda. In na bambance su, na hau teburin zuba wa baƙi. In na kasa, in nemi hanya. Ƙannena ba sa barin komai ya kwana lafiya, don haka na biyo ta ɗakin Kaka na tura su ƙarƙashin gadonta.

"Kaka, ƙunshi biyu na sa a ƙarƙashin gadon nan jiya."

"Au, kai ne? To Allah ya isa tsakanina da kai, Rediyo. Tun jiya nake neman mushen ɓera."

"Mushen me?"

"Ɓera! Ɗaki ya ɗauki warin tsohuwar rijiya. Da safe na sa tsintsiya na jawo su, na ce wane mara tsoron Allah ne ya naɗo mini kashin shanu a takarda."

"Innalillahi! Ina suke?"

"Suna waje suna shan rana."

Na fita da gudu har takalmina ɗaya ya rage a ɗaki. Ga su nan a kan tire a bakin baranda, baƙaƙen curi biyu tsirara, ba takarda ba alama, wata kaza tana zagaya su tana karkata kai kamar mai shirin tayawa.

"Kaka! Kin tuɓe su!"

"Da riga zan shanya su?"

"Ina takardun?"

"Takardun ai na…"

"Kin kashe ni! Shekarunsu ne a jiki! Ɗaya uku, ɗaya ashirin da biyar!"

Ta dogaro sandarta ta fito, ta dafe ƙirji. "Ashirin da biyar me? Kwana?"

"Shekara."

"Ganyen da ya girme ka? Shi ake ba bayin Allah su sha? La haula! Wannan mai shagon naku hukuma ta san da zamansa?"

"Manyan mutane ke layi a kansa. Iya tsufansa iya darajarsa."

"Ni na haura saba'in, ban ga wanda ya yi layi a kaina ba."

"Ke ai ba a ajiye ki da kyau ba ne. Danshi ya shige ki."

"Ubanka danshi ya shiga, tun da ya haifi irinka."

"Ɗanki ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa da ƙarfi."

Ba lokacin dariya ba ne, azahar ta kusa. Na kori kazar, na jawo rishon Kaka nan baranda kusa da tiren, na ɗora ruwa. Na fito da 'yar butar tangaran da ƙananan kofunan da mai shago ya ara mini. Na ɓalli kaɗan daga curin hagu na jefa a buta, na zuba tafasasshen ruwa, na ɗan juya, na kwarar da shi a magudana.

"Kai! Kai! Kai! Me ka yi?"

"Wanke shi na yi. Ruwan farko ba a sha. Tashin ganyen ake yi daga barci."

"Ruwan farko? Mai ƙarfin? Shi ka ba kwata? Wayyo ni! Kakanka marigayi ganye ɗaya sau huɗu yake dafa shi, na biyar ya shanya don gobe. Da ya ga wannan da ya sake mutuwa."

"Haka masana ke yi."

"Masana ɓarna."

Da na zo kan curin dama zan zubar da nasa ruwan, sai na ga tsohuwar da ke kukan ciwon ƙafa ta yi wuf ta tara kofin silbarta a ƙarƙashi. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Na jera kofuna, biyu hagu biyu dama, na cika su. Ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu ta kai shi kusa da ido.

"Wannan kofi ne ko murfin kwalbar magani? Ina sukari?"

"Ba a sawa."

"Madara?"

"Ko ɗigo."

"To wannan hukunci ne, ba shayi ba. Laifin me kuka yi?"

Na rabu da ita. Na ɗauki na hagu na zuƙa da ƙara, fuuut, yadda na ga baƙi na yi, na lumshe ido. "Hmm. Ina jin itace. Ina jin ƙasa bayan ruwan sama." Na ɗauki na dama, fuuut. "Wannan kuma, ina jin… ƙasa. Da itace. Bayan ruwan sama."

"Ka faɗi wannan ɗazu."

"Na juya shi ai."

"Rediyo, dube ni nan."

Na dube ta. "Kaka, wallahi tallahi ban ji bambancin komai ba. Wata uku ina gyaɗa kai a shagon nan. Duk ruwan zafi ne mai launi."

"Subhanallahi! Wata uku? To me kake yi da harshen?"

"Magana."

"Ai na gani."

Ta zauna a kujerarta, ta ɗauki na hagu ta kurɓa tana yamutsa fuska. Ta kuskure baki da ruwa. Ta kurɓi na dama. Sai ta yi shiru, ta zuba wa bango ido, shirun ya yi tsawo har na fara tunanin ko in kira Baba.

"Kaka? Kina nan? In mutuwa za ki yi, bari sai bayan la'asar."

"Na hagu yaro ne," ta ce. "Na dama tsoho."

"Ke! Daga kurɓa ɗaya? Matar da ke zuba sukari cokali uku?"

"Shekara arba'in ina shan shayi kafin a yi maka wankan jego… kai, kafin a san za a yi ka. Na hagun nan irinka ne. Yana shiga ya kama gefen harshe da bauri, ya cika baki da hayaniya, kafin ka juya ya tafi bai bar komai ba. Na daman bai ce uffan ba da ya shiga. Sai da na haɗiye, na jira, sannan ya dawo ta maƙogwaro da wani zaƙi a hankali, kamar mutumin da ya fita ya tuna bai yi sallama ba."

"Ni ban ji ya dawo ba."

"Ya dawo ya tarar da wa? Kai kana haɗiyewa bakinka na buɗe. Shayi bai kai ciki ba, ƙasa da itace sun fito." Ta miƙa hannu ta ɗauko ludayi. "Kurɓa. Rufe bakin. Zan ƙirga talatin. Ka ce ƙala kafin in gama, wannan ludayin zai ɗanɗana goshinka."

Na kurɓi na hagu. Ta fara ƙirga, tana ja kamar mai rera waƙa. A goma harshena ya bushe kamar na tauna ɗanyen ganye. A ashirin babu komai sai ƙaiƙayin magana. Ban taɓa sanin talatin na da nisa haka ba.

Na kuskure baki, na kurɓi na dama. Ɗaya, biyu, shiru. Goma, shiru. Na ɗaga gira in ce mata ƙarya take, ta ɗaga ludayi. Wajen sha bakwai sai na ji wani abu ya taso daga can ƙasan wuya, sanyi-sanyi, zaƙi-zaƙi, yawu ya cika mini baki.

"Talatin."

"Kaka! Ya dawo! Wallahi ya dawo! Wa ya sa masa sukari?"

"Shekaru."

"Tsaya. In kuma kin juya su fa? In yaron ne mai dawowa? Aikina fa, Kaka!"

"Ɗaga tiren."

Na ɗaga. Ga takardu biyu a ninke, kowacce daidai ƙarƙashin inda curinta yake. Ta hagu, uku. Ta dama, ashirin da biyar.

"Suna nan tun ɗazu? Kika bar ni ina neman haɗiyar zuciya?"

"Na danne su don iska. Ka tambaye ni, ka tsaya ka ji amsa?"

"To leƙawa kika yi!"

"Da wane karatun? Da waɗanne idanun? Tashi ka tafi, mijin banza, kuma ka ɗauki takalminka."

Da la'asar mai shago ya zuba kofi biyu ya harɗe hannu. Na kurɓe su ɗaya bayan ɗaya, na rufe baki, ina jin muryar Kaka tana jan ƙirga a kaina. Shirun ya ba shi tsoro har ya taɓa goshina ya ce ko zazzaɓi nake yi. Da talatin ta biyu ta cika na nuna kofin da ya dawo. Ya daɗe yana kallona, sannan ya turo mini babbar buta ya ce gobe in zo da riga mai tsabta. Ragowar tsohon curin kuma ya ce in riƙe.

Da na dawo ban bi ta ɗakinmu ba. Na shiga ɗakin Kaka na durƙusa har ƙasa, na ajiye ƙunshin a gabanta.

"Amarya, ga tukuici. Na sallama. Daga yau ke ma a naɗe ki a takarda, a rubuta shekarunki, a yi layi."

"Yau kuma da zama? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Ta warware takardar, ta sunsuna, ta gyaɗa kai. Ta jefa curin gaba ɗayansa cikin tukunyar da ke kan risho, ta juye ruwan farkon nan da ta tara a kofin silba, ta tuttula madara, ta bi da sukari. Cokali ɗaya. Biyu. Uku.

Na miƙe zumbur na buɗe baki. Ta ɗaga ludayi.

"Talatin," ta ce.

Na kai bakwai dariya ta ƙwace mini. Na jawo babban kofi na miƙa mata.