Yadda Na Koya wa Injiniya Dama Fura

Ba zan taɓa mantawa da makon da wani kamfanin sadarwa na ƙasar waje ya turo injiniyansa Ƙanƙara ba. An turo shi ya koya mana kula da ƙarfen sabis, domin aikin ya dawo hannun ɗan kamfaninmu na gida. Alhaji, mai kamfanin, ya zaɓe ni saboda takarduna. Idan na koya, kwangila tamu ce. Idan na kasa, ta wuce mu.

To ni ban iya ganin baƙo zaune baki bushe ba. Injiniya na buɗe akwatin na'urori, sai in ce, "Ci gaba, ina zuwa," in haye babur neman fura. Washegari kilishi. Rana ta uku har Daudawa na je sayo zabi (ba wanda ya aike ni). Duk sanda na dawo sai ya tambaye ni ko na gane, ni kuwa in gyaɗa kai. Mai difloma irina ya ce bai gane ba, a gaban maigadi?

Maigadin, Baba Iro, dattijo ne ɗan Pauwa. Kullum yana kan bencinsa yana jan carbi, yana kallo.

Ranar gwaji ta faɗo ranar kasuwa. A gaban Alhaji, Injiniya ya kashe wani abu, ya ce in dawo da sabis. Na tattare hannun riga, na yi bismilla, na danna maɓallin da ya fi girma. Sauran fitilun na'urar ma suka mutu. Ba a jima ba sai ga 'yan kasuwa a bakin shingen ƙarfen, kowa ya ɗaga salularsa sama. Gumi ya jiƙe ni har cikin takalmi, na ji da ma ƙasa ta buɗe in shige.

Baba Iro ya taso a hankali. "Malam, mi ya kai ka wanga? Hwara da na ƙasa, ka jira koren shi kama, kana ka ɗaga wancan."

Na bi. Sabis ya dawo.

Injiniya ya sa hannu a takarda, da sharaɗin a rubuta sunan Baba Iro sama da nawa. Shi kuwa ya koma ƙasarsu ya iya dama fura, har ya san wadda ta kwana.

Yanzu in an zo koyarwa, benci nake nema in zauna kusa da Baba. Baƙo kuma ya sha ruwan leda.