Gobarar da Na Tayar a Shagon Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so, da ranar da na ƙona shagon kawuna a Kasuwar Kurmi ba tare da na ƙyasta ashana ba.

A shekarun farko ne da sojoji suka koma bariki, lokacin da kowane saurayi a Kano yake jin shi ma ɗan fim ne. Ni Allah bai ba ni fuskar fitowa a fim ba, sai na koyi haɗa hoto mai motsi a kwamfuta. A gidan Kawu nake zaune a Yakasai. Shi ya ba ni ɗaki, shi ya sayo kwamfutar, bisa sharaɗin kada sana'ar nan ta jawo masa magana a unguwa. Rannan wani darakta ya ce in haɗa masa gobarar kasuwa. Don tsabar ƙyuya, maimakon in zana shago, sai na ɗauko hoton shagon Kawu, har da allon sunansa.

Wutar ba ta wahalar da ni ba, hayaƙi ne ya tsufar da ni. Na farko ya fito kamar auduga, na biyu ya miƙe ƙiƙam kamar taɓarya. In rage kauri, in ƙara iska, in bar kwamfuta tana nishi tun hantsi, sai ta kusa gamawa a ɗauke lantarki. (Na yi kuka, amma kada ku gaya wa kowa.) Har tsayawa na riƙa yi gaban mai ƙosai ina kallon yadda hayaƙin ɗanyen itace yake murɗawa yana bajewa, har baiwar Allah ta fara tambaya ko lafiyata ƙalau.

Ranar da ya yi kyau, baƙi wuluk daga ƙasa, fari-fari daga sama, ga tartsatsi na tashi, sai na bar shi yana ta maimaituwa a allo, na tafi sallar la'asar ina jin kaina. Ƙofa kuwa a buɗe.

Hajiya, matar Kawu, ta shiga ɗaukar kwanon abinci. A wurinta duk allon da yake nuna hoto talabijin ne, abin da talabijin ta nuna kuwa labarai ne. Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, amma salatin Hajiya bai buƙaci waya ba.

Ina dawowa na tarar da soro a cike. Mata na ta shiga da mayafai, ana "Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri." Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ya muka ji da wannan abu? Allah ya sa iyakarta ke nan." Samarin layi kuwa tuni sun ruga Kurmi da bokitai, inda suka iske Kawu a zaune lafiya lau yana auna kanumfari.

A gaban jama'ar nan na buɗe baki na ce, "Ku yi haƙuri, ba gobara ba ce, ni na haɗa ta." Hajiya ta ɗago jajayen idanu ta ce, "Au, kai ka kunna?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da Kawu ya iso, a tsaye ya kalli gobarar a allo har ƙarshe. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya ce, "Duk faɗin Kano ka rasa wanda za ka yi wa wannan fata sai wanda kake cin tuwonsa? Gobe ka nemi inda za ka kai akwatin nan."

Washegari na kinkimi kwamfutata a ka na fita, yara na nuna ni. Mu da muka yi shekaru muna ci a kwano ɗaya, sai da aka ɗauki lokaci kafin Kawu ya sake amsa gaisuwata da fara'a.

Har yau ina wannan aiki, kuma hayaƙina ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Amma na haddace darasina: in za ka yi gobarar ƙarya, nemi shagon da ba shi da mai shi, ba shi da maƙwabta.